Yatsa Ko Fik: Mas'alar Kaɗa Bes Mai Tsarkiya Biyar Da Shida

Daga cikin saɓanin da ya daɗe yana gudana tsakanin ma'abota kiɗan zamani, wanda bai kai ga kunnen akasarin masu sauraro ba, alhali kuwa sakamakonsa yana shiga kunnuwansu safe da yamma ta rediyo da wayar hannu, akwai wanda ke tsakanin masu kaɗa jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes, game da abin da ya fi cancanta a taɓa tsarkiyarta da shi: ko dai tsokar yatsu, ko kuwa ɗan guntun robar nan mai kusurwa uku da ake matsewa tsakanin babban yatsa da manuni, wanda 'yan sana'ar suke kira fik. Kowane ɓangare yana da manyansa da hujjojinsa, kuma da a ce jitar ta tsaya a tsarkiya huɗu kamar yadda aka fara ƙera ta, da sai in ce a bar kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma tun da aka ƙara mata ta biyar da ta shida, mas'alar ta sake kama, domin wahalar makaɗi ta tashi daga yadda zai buga tsarkiyar da yake nufi, ta koma ga yadda zai hana sauran magana; kuma a ganina duk wanda ya yanke hukunci tsakanin yatsa da fik ba tare da ya fara duba wannan ba, lalle ya yi fatawa kafin ya saurari tambaya.

A shekarar 1951 ne Leo Fender ya fitar da jitarsa mai suna Precision Bass a jihar California ta Amurka, da tsarkiya huɗu waɗanda aka ɗaure bisa muryoyin da ake wa laƙabi da E da A da D da G, tsawon kowace daga jaki, watau abin da tsarkiyoyin ke hawa a cikin jitar, zuwa ƙarshen wuya inci 34, mafi kaurinsu kuwa, watau E, tana girgiza kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Ba a jima ba sai hanyoyi biyu suka kafu kamar mazhabobi. A birnin Detroit, James Jamerson, wanda ya kaɗa a ɗimbin faya-fayen kamfanin Motown, ya taso ne daga babbar bes ta katako wadda ake kaɗawa a tsaye, saboda haka ya zo da al'adarta, yana jan tsarkiya da manuninsa guda ɗaya tak. A Los Angeles kuma, Carol Kaye, wadda ta fara da ƙaramar jita kafin ta koma bes a 1963, ba ta ajiye fik ɗinta ba, da shi ta kaɗa a faya-fayen da ba su ƙidayuwa, ciki har da Pet Sounds na ƙungiyar Beach Boys a 1966. Abin lura, wanda masu gardama ba su cika ambatonsa ba, shi ne cewa waɗannan mutum biyu, duk da sun saɓa a kan abin bugu, sun yi ittifaƙi a kan abu guda: shi akwai soso a jikin jakin jitarsa wanda ke rage daɗewar amo, ita kuwa guntun ƙyalle mai kauri take liƙawa a kan tsarkiyoyi daf da jaki. Ashe tun jitar tana da tsarkiya huɗu gwanaye sun san cewa rabin aikin yana ga kashe sautin da ba a so.

Ƙarin tsarkiya bai zo a lokaci guda ba. Kamfanin Fender ya fitar da mai shida a 1961 da mai biyar a 1965, amma dukansu sama suka ƙara, wajen siririn sauti, ba su sauka ƙasa da E ba. Wanda ya nace sai an sauka shi ne Anthony Jackson, mutumin New York, wanda ya sa maƙeri Carl Thompson ya yi masa mai shida a 1975, da tsarkiyar B a ƙasa da tsarkiyar C a sama. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Jimmy Johnson ya sa kamfanin Alembic ya ƙera masa mai biyar da B a ƙasa. Da farko an ɗauki abin a matsayin bidi'ar mutum ɗaya ko biyu, har sai da na'urorin madanni masu haɗa sauti da lantarki suka cika ɗakunan ɗaukar waƙa a shekarun 1980, suna sauka zuwa muryoyin da bes mai huɗu ba ta iya kaiwa, sa'an nan masu sana'ar suka ga abincinsu yana neman kuɓuce musu, suka rungumi ta biyar. Zuwa 1987, lokacin da kamfanin Music Man ya fitar da StingRay mai biyar, abin ya riga ya zama ruwan dare. Ita wannan B tana girgiza kimanin sau 31 ne a daƙiƙa, kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa ta ƙasa wajen 20 take, watau an kusanci gaɓar da ji yake ƙarewa, jijjigar ƙirji ta fara.

Ba wannan ne karo na farko da ƙarin tsarkiya ya zo tare da sauyin abin bugu ba. Marubutan tarihin Andalus sun ruwaito cewa Ziryab, wanda ya baro Bagadaza ya sauka Ƙurɗuba a shekarar 822, shi ne ya ƙara wa garayar Larabawa da ake kira udu tsarkiya ta biyar, shi ne kuma ya ajiye itacen da ake kaɗa ta da shi ya koma ga abin da aka samo daga jikin gaggafa. Ko da an yi ƙari a cikin ruwayar, ta nuna cewa magabata sun fahimci abubuwan nan biyu a ɗaure suke da juna.

To, ga asalin illar, kuma duk mai irin wannan jita yana iya gwadawa a ɗakinsa. Ya kunna amfilifaya, ya bar tsarkiyar B a sake ba abin da ya taɓa ta, ya buga E da ƙarfi, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan E ɗin ya kashe ta nan take. Zai ji sautin bai mutu ba. Wani gunji yana ci gaba a ƙasa-ƙasa, kuma idan ya kai ɗan yatsa ya taɓa B sai ɗakin ya yi tsit. Dalili kuwa shi ne, kowace tsarkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba, tana fitar da uwar sauti ne tare da 'ya'yanta, waɗanda ke girgiza ninki biyu da ninki uku da ninki huɗu na girgizar uwar, har abin da ya yi sama. Ninki uku na E ya faɗa wajen 123, ninki huɗu na B shi ma ya faɗa wajen 123, saboda haka da zarar ɗaya ta motsa sai girgizar ta bi ta jaki da katako ta tayar da 'yar'uwarta, ko da kuwa ba wanda ya kusance ta. Irin wannan dangantaka tana tsakanin kowace tsarkiya da maƙwabciyarta, gwargwadon yawan tsarkiyoyi gwargwadon yawan masu amsawa, kuma mafi kauri ita ce mafi daɗewa tana amsawa, ita ce kuma gunjinta ya fi dagula kiɗa, tun da yake a nan ne babbar ganga take ajiye nata bugun. Mai sauraro ba zai ce ga tsarkiyar da ta yi laifi ba. Abin da zai ce kurum shi ne kiɗan ya cakuɗe, ba ya fita.

Aikin tsaron tsarkiyoyi a rabe yake tsakanin hannu biyu. Hannun da ke kan wuya, idan aka kwantar da yatsunsa kaɗan, yana rufe tsarkiyoyin da suka fi wadda ake bugawa siranta; waɗanda suka fi ta kauri kuwa, alhakinsu yana kan hannun bugu. A nan ne mai yatsa yake da falalar da ba a saya da kuɗi, domin manuninsa ko ɗan tsakiyarsa, idan ya ja tsarkiya, bisa ɗabi'a yana faɗawa ne kan maƙwabciyarta mai kauri ya kashe ta, babban yatsansa kuma ba shi da wani aiki sai tsaro. A jita mai huɗu wannan ya kusa wadatarwa, ko da mutum ya kafa babban yatsan wuri guda bai motsa shi ba. A mai shida kuwa, idan yana buga C, yatsan bugu ya kashe G, sauran huɗu suna nan a sake, D da A da E da B, kuma babban yatsan da aka kafa a wuri guda ba zai tsare fiye da ɗaya ko biyu ba. Maganin da gwanaye suka samo, wanda malamai irin su Todd Johnson suka shahara da koyar da shi, shi ne a daina kafa babban yatsa, a kwantar da shi a gicce bisa tsarkiyoyin, gefensa yana shafar su duka, hannun gaba ɗaya yana sauka yana hawa daga kafaɗa tare da tsarkiyar da ake bugawa, ta yadda duk inda yatsun bugu suka je, abin da ke bayansu a rufe yake. Wanda ya ga hannun mai wannan hanya daga kusa zai lura cewa wuyan hannun a miƙe yake ba a lanƙwashe ba, yatsun ba su tashi sama da tsarkiya sai kaɗan, kuma sautin yana tsayawa daidai inda aka nufa ya tsaya. Gary Willis ya ƙara da amfani da yatsa na uku da taɓawa mai sauƙi, yana barin amfilifaya ta ɗauki nauyin ƙara. John Patitucci ya nuna abin da yatsu za su iya yi a kan tsarkiya shida. Richard Bona, ɗan ƙasar Kamaru, ya nuna irinsa a kan biyar.

Mai fik kuwa ya riga ya ba da babban yatsansa da manuninsa ga riƙon fik, abin da ya rage masa na tsaro shi ne gefen tafin hannu, wanda zai kwantar a kan masu kauri kusa da jaki. Hakan yana yiwuwa, amma yana da tsada, domin tafin da aka ɗora yana taƙaita kaiwa da komowar wuyan hannu, idan kuma ya zame ya shafi tsarkiyar da ake bugawa sai ya dushe ta. Ga kuma nisa: idan tazarar da ke tsakanin tsarkiyoyi milimita 19 ce, kamar yadda aka saba a mai huɗu, to daga B zuwa C a jita mai shida milimita 95 ke nan, fik kuwa baki ɗaya gare shi, sai ya yi tafiyar da ƙafarsa, alhali mai yatsu yana iya ajiye ɗaya a nan ɗaya a can. Bisa waɗannan dalilai nake ganin cewa wanda zai koyi bes mai biyar ko shida, yatsa ne ya kamata ya zama asalinsa.

Sai dai adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, kuma hujjarsa ba mai rauni ba ce, hasali ma ita ce ta fi shafar mutanen ƙasashenmu. Tsarkiyar B tana da kaurin da ya haura milimita uku, kuma a wuya mai inci 34 sau da yawa takan yi sako-sako, shi ya sa wasu maƙera suka ƙara tsawon zuwa inci 35, kamfanin Dingwall na Kanada ma ya karkata ƙarafan wuya domin B ta sami inci 37. Idan aka ja irin wannan tsarkiya da tsokar yatsa mai laushi, uwar sautin ce take rinjaye, 'ya'yan kuwa su yi ƙasa. Ita kuma uwar, mai girgiza 31, babu wayar hannu ko ƙaramar rediyo da ke iya fitar da ita, kai, ko manyan lasifikokin da ake haya a wuraren biki da yawansu ba su kai can. Amma Allah cikin hikimarsa ya halicci kunne da wata baiwa, cewa idan ya ji 'ya'yan sauti a jere, 62 da 93 da 123, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin uwar da kanta, mutum ya ji kamar tana nan. Fik, saboda taurinsa da kaifin bakinsa, yana tayar da waɗannan 'ya'ya fiye da yadda tsoka take yi, yana kuma ba kowane bugu farko mai tsini wanda ke nuna daidai inda ya faɗa. Saboda haka a inda jama'a suke sauraron waƙa ta lasifikar waya, ko a inda jitoci masu ƙara suka cika fili, sau da yawa B ɗin da aka buga da fik ita ce ake ji, wadda aka ja da yatsa kuwa ta ɓace. Ba banza ba ne Jason Newsted, sa'ad da yake ƙungiyar Metallica, da David Ellefson, sa'ad da yake Megadeth, suka riƙe fik a kan bes mai biyar. Daɗin daɗawa, jitoci masu yawa da ke kasuwa an matse tsarkiyoyinsu zuwa milimita 17 ko 16 da rabi domin wuyan ya shiga hannu, wannan matsi kuwa, wanda ke takura mai kaurin yatsu, sauƙi ne ga mai fik.

Akwai ma nau'in da babu saɓani a kansa, watau jitar da aka jera wa kowace tsarkiya abokiyar zama siririya a gefenta, kamar mai takwas da kamfanin Hagstrom na Suwidin ya fitar a 1967, ko mai goma sha biyu da kamfanin Hamer ya ƙera wa Tom Petersson na ƙungiyar Cheap Trick a ƙarshen shekarun 1970, inda kowace murya take da tsarkiya uku. Manufar ƙirar ita ce a ji su tare a bugu guda, fik kuwa shi ne ke ratsa su a shara ɗaya.

Don haka ba na tare da masu ta'assubancin nan da ke cewa makaɗin bes na ƙwarai ba ya riƙe fik, maganar da ake gadonta baki da baki ba tare da an tambayi isnadinta ba. Ya isa raddi a ce Anthony Jackson, wanda shi ne ya assasa bes mai shida da B a ƙasa, da fik ya kaɗa mabuɗin nan na For the Love of Money na ƙungiyar O'Jays a 1973, wanda har aka sa sunansa cikin marubutan waƙar saboda shi, kuma bai bar fik ba bayan ya koma tsarkiya shida, yana ɗauka yana ajiyewa gwargwadon abin da waƙa ta nema. Steve Swallow, ɗaya daga cikin masu taushin sauti a kiɗan jaz, da fik na jan ƙarfe yake kaɗa mai biyar. Mu ma nan gida bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, tun da yake masu garaya da guntun fata mai tauri suke kaɗawa, ba kuwa wanda ya taɓa cewa wannan ya rage musu gwaninta.

Amma akwai wani riƙon fik da nake ƙi, shi ne na wanda ya saba da ƙaramar jita, aka rasa mai bes a ƙungiya aka miƙa masa, ya zo da hannunsa na da bai sauya komai ba. Na taɓa zama a wani wurin gwajin kiɗa inda wani saurayi yake riƙe da sabuwar bes mai biyar, hannunsa yana shawagi a sama kamar yadda ake sharar ƙaramar jita, tafinsa bai kusanci jaki ba, mai kula da na'ura kuwa yana ta rage kaurin sauti yana ɗora laifi a kan lasifika, har ya rage shi ya zama ba a jin bes ɗin sam. Ni kuma daga inda nake ina hango tsarkiyar B tana rawa ita kaɗai, ta yi dishi-dishi a ido saboda girgiza, alhali tun da aka fara waƙar bai buga ta ba ko sau ɗaya. Da aka ce masa ya kwantar da gefen tafinsa a kanta, sai gunjin ya ɗauke, mai na'ura ya mayar da abin da ya rage. Irin wannan yana faruwa a majami'u da wuraren biki da ɗakunan ɗaukar waƙa inda mai biyar ta yawaita, a yi ta sayen sabbin kaya don maganin abin da ke hannu. Wasu kuma sukan ɗaura ƙyalle ko robar ɗaure gashi a ƙarshen wuya domin ta kashe musu gunjin. Tana taimakawa a wasu salon, amma tana dushe tsarkiyar da aka buga a sake, kuma wanda ya dogara da ita tun yana koyo, hannunsa ba zai koyi tsaro ba har abada.

Tsarin da nake ba da shawara a bi shi ne mai koyo ya fara da yatsu, kuma tun ranar farko ya hana babban yatsansa kafewa wuri guda, domin al'adar da ta zauna a hannu cire ta ya fi koyonta wuya. Ya riƙa buga murya ɗaya a hankali yana kashe ta, yana sauraron abin da ke biyo bayanta fiye da yadda yake sauraron ita kanta, idan ya ji saura ya nemo wadda ta amsa. Sa'ad da wannan ya zauna masa, sai ya ɗauki fik mai tauri, wanda kaurinsa ya kai milimita guda ko fiye, domin mai laushi lanƙwashewa yake yi a jikin B kafin ya motsa ta, ya sake koyon tsaron daga tushe da gefen tafi, yana kuma ƙara wa hannun wuya nauyin da babban yatsa ya sauke. Idan ya ga muryoyin ƙasa kawai yake bukata, ba ya hawa G, to yana iya ɗaura B da E da A da D a jita mai huɗu bayan an faɗaɗa mata ramukan ƙarshen wuya, ya huta da tsaron tsarkiyar da ba ya amfani da ita. Wanda zai sayi jita kuma, kafin ya duba launi ko suna, ya auna tazarar tsarkiyoyi a wajen jaki ya gwada ta da hannunsa, domin Jackson kansa bai gamsu da ta farkon da aka ƙera masa ba saboda an matse su fiye da yadda ya nema. Idan kuwa waƙa ta zo wadda ya rasa da me zai kaɗa ta, to ya ɗauki sautinta sau biyu, ɗaya da yatsa ɗaya da fik, tare da ganga da sauran kayan kiɗan, ya saurare su ta lasifikar wayar da mutanen unguwarsu suke sauraro da ita, ya riƙe wanda aka ji B a cikinsa.